Jinin Surukina Wanzami

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma. Surukina, mahaifin mijina, ya koma ranar wata Talata da hantsi, gero ya fara bununi, a ƙauyensu da ke ƙasar Sarkin Hausa. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara ashirin da ɗaya ina aure a gidansa bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ba kuwa zan fara ba don ƙasa ta rufe masa ido. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa.

Ranar sadakar uku ina zaune cikin gida kusa da surukata, wadda nake kira Inna, mata suna shiga suna fita. Sai ga wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, ƙafafunta duk laka. Ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa gaban Inna. Ta sa yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta matso da fuskarta.

"Ku duba," in ji ta. "Ja ne ko ba ja ba?"

Inna ta ce, "Ja ne."

"To shi ya bar mini shi." Ta fashe da kuka.

Matan da suka zo daga gari suka kalli juna, ba su gane ba. Mu na gida mun gane.

A ƙofar gida, mijina ya faɗa mini, wani Buzu ya zo tun safe ya zauna a gefen tabarma, ya ja rawaninsa har bisa hanci, bai ci ba bai sha ba sai da aka yi azahar, sannan ya shafa fatiha ya hau raƙuminsa. Ƙanen Baba kuwa, wanda shi ma wanzami ne, suka kuma yi shekaru ba sa shan inuwa ɗaya kan sana'a, shi ya fi kowa kuka. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce, "Ya hi ni gaskiya. Wallahi ya hi ni gaskiya."

Da la'asar tsohon majonmu ya iso, wato babban ma'aikacin jinya da na yi aiki ƙarƙashinsa kafin ya yi ritaya. Daga Tasawa ya shigo motar haya, ya ƙarasa da kabu-kabu, wato babur na haya. Ya yi wa maza gaisuwa, ya aiko a kira ni zaure.

"Madam," ya ce, "mutumen nan in ba ki rubuta shi ba, nan da shekara goma za a ce wani wanzami ne aka yi, shi ke nan. Ke kika san abin da ya yi."

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Baba wanzami ne ɗan wanzami. Dogo ne, marar yawan magana, yana da zabira wadda hannu ya mayar baƙa wuluk. A cikinta akwai asake, da ƙahonni huɗu, da dutsen washi. Yana cin kasuwar Sarkin Hausa, da ta Gidan Amumune, wani lokaci har Mayahi. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke kafa ƙaho ga mai ciwon baya ko nauyin kai. In yana tunani sai ya fito da aska ya yi ta wasawa ko da tana da kaifi. Ba ya cin abinci a kasuwa, yana cewa wanda ke taɓa kan mutane bai kamata a ga bakinsa da mai ba. In yaro ya fara zillo a hannunsa ba ya tsawa, sai ya tsaya cak ya ce, "Ka gama, ni ba sauri nika ba."

Ni kuwa ƴar Tasawa ce. Na yi lakkol, wato makarantar boko, na koyi aikin labo, wato ɗakin gwajin jini, aiki ya kai ni asibiti a Mayahi, can na haɗu da ɗansa. Da aka gaya wa Baba aikin da nake yi, an ce cewa ya yi, "To. Ni ina hidda jini da ƙaho, ita tana hiddawa da allura. Gida ya zama na jini ke nan." Shekara uku na farko maganar da ke tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga nesa, fuskata a gefe, ya amsa yana kallon ƙasa. In yana da saƙo sai ya ba Inna, in ina da amsa sai in ba mijina.

Abin da ya karya wannan kunya ɗiyata ce ta fari.

Tana da shekara biyu na samu wani cikin, aka kai ta yaye wurin Inna. Mijina a lokacin yana can arewa wurin aiki. Damina ta yi nisa, masassara ta cika ƙauyuka. Wata safiya wani direba ya tsaya ƙofar labo ya ce Inna ta ce yarinya ba ta jin daɗi kwana biyar. Na nemi izini na hau kabu-kabu da cikina wata bakwai.

Da na shiga gidan na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yarinyar tana kwance bisa cinyar Inna, cikinta ya kumbura ta gefen hagu, tana numfashi da sauri kamar wadda ta yi gudu. Baba yana tsugune, ya jera aska da ƙaramin ƙaho bisa ƙyalle. Zai yi mata tsaga a kan saifa, ya zuƙe abin da suke kira mataccen jini. Haka aka yi masa yana yaro, haka ya yi wa ƴaƴansa.

Ban gaishe shi ba. Na durƙusa na ja fatar idon yarinyar. Fari fat, kamar auduga. Na buɗe tafin hannunta, shi ma haka.

Na ce, "Baba, kada ka taɓa ta."

Inna ta ce, "Ke! Da wa kike?"

"Da Baba nike. Yarinyar nan ba ta da jinin da za a hidda. Cokali ɗaya in ya hita, ba za ta kai la'asar ba."

Baba bai ɗago ba. Ya ce wa Inna, ba ni ba, "Gaya mata uban yarinyar nan ma na yi mashi, ga shi can shina yawo da ƙahwahunshi."

Na ce, "Shi Allah ya sa yana da saura. Ita ba ta da shi. Baba, ka dubi idonta da kanka. Ka dubi nawa, ka dubi nata."

Na ja fatar idona na juyo da fuskata gare shi. Ban taɓa kallon mutumen nan ido da ido ba sai ranar. Ya kalli nawa. Ya daɗe yana kallon na jikarsa. Sai ya naɗe ƙyallen da askar a ciki, ya tashi ya ce a ɗaura amalanke.

Muka kama hanyar asibiti. Na san na yi abin da ba a yi, na kuma san ransa ya ɓaci. Ƴaƴan ƙanensa biyu, manyan samari, suka rako mu.

A asibiti abokin aikina ya gwada jinin ya kalle ni, ban bari ya faɗi lambar ba, na gani a fuskarsa. Sai ƙarin jini, yau. Firji kuwa babu ko ledar jini ɗaya irin nata, don a watannin nan yara ne ke kwance ko'ina, masu bayarwa kuma ba su da yawa. Ni ba a ɗibar na mai ciki. Majo ya fito ya tambayi samarin biyu. Ɗaya ya ce yana da noman maimai bai gama ba. Ɗayan ya faɗi abin da ke ransa, ya ce, "Mu dai abin da muka ji, jinin da aka ɗiba ba ya dawowa. Mutum ya yi ta ramewa har ya mutu."

A nan Baba ya yi magana. "Wa ya gaya maka? Shekara arba'in ina hidda jinin ƙattai, wata na zagayowa su dawo in sake. Da ba ya dawowa da tuni na ƙarar da ƙasar nan." Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa wa majo. "Ku duba nawa."

Nasa ya dace. Aka kwantar da shi, aka cika leda. Ya ƙi shan lemon da aka ba shi, ya ƙi kwanciya ya huta. Ya bi ledar har ɗakin yara, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana kallon jininsa yana ɗiga cikin hannun jikarsa ɗigo ɗigo. Wajen la'asar sakaliya yarinyar ta buɗe ido ta ce tana son fura. Baba ya tashi ya fita, na hango shi ta taga yana tsaye ƙarƙashin itacen bedi, ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa suna rawa.

Washegari da safe ina cikin labo sai na ji sallama. Shi ne a bakin ƙofa, ya tuɓe takalma.

"Ina so in ga abin da kike gani," in ji shi. Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini kai tsaye.

Na ɗiga jini bisa gilashi na sa a mikiroskop, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, na nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya. Ya daɗe a sunkuye.

"Waɗannan kamar ƴan waina, su ne mi?"

"Su ne jajayen ƙwayoyin jini, Baba. Su suke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu su kai ta ko'ina a jiki. Su suka sa jini ya yi ja. In suka yi ƙaranci, sai ido ya yi fari, mutum ya yi ta haki."

"Hanta ke yin su?"

"A'a. Ɓargo."

Ya ɗago ya kalle ni kamar na yi masa ba'a. "Ɓargon ƙashi? Wanda muke tsotsa?"

Na ce shi. Na gaya masa a cikin ƙashin ƙugu, da na ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya, ɓargo yana haifar sababbi dare da rana ba hutu, don kowace ƙwaya kwananta wata huɗu ne ko kusa, sai ta tsufa. Ya tambayi ina tsofaffin suke zuwa. Na ce saifa ke tsince su, ta farfasa, jiki ya kwashe sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ya mayar wa ɓargo a sake ƙera wasu.

"To saifar yarinyar nan da ta kumbura?"

"Masassara ce ke shiga cikin ƙwayoyin tana fasa su. Aiki ya yi wa saifa yawa, shi ya sa ta kumbura. Ba mataccen jini ne ya taru ba."

Hannunsa ya tafi neman aska a aljihu, ya tuna inda yake ya fasa. Sannan ya yi tambayar da ko ɗalibai ba kasafai suke yi ba.

"Jiya an ɗibi nawa. Wa zai gaya ma ɓargo an ɗiba? Shina cikin ƙashi, ba ya gani."

Na ce, "Ƙoda. Jini yana ratsa ta kullum. In ta ji iskar da ke isowa ta ragu, sai ta saki wani sinadari cikin jini, kamar ɗan aike, ya je ya ce wa ɓargo ya ƙara himma. In jini ya cika, sai ta rage aiken. Ruwan jininka zai dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin sai sun ɗauki makonni, kuma sai ka ci abin da za a ƙera su da shi, hanta, nama, wake, zogale."

Ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan." Daga baya Inna ta ba ni labari cewa ranar kasuwa ya tsaya wurin mahauta, ya sa aka fasa masa ƙashin ƙirjin rago, ya daɗe yana duban jan ɓargon da ke ciki har sarkin fawa ya tambaye shi ko lafiya.

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙurin ɗaga masa murya ba. Amma daga wannan damina, duk wanda ya zauna gabansa neman ƙaho, kafin ya taɓa zabira sai ya ce, "Buɗe ido in gani." Ya ja fatar, ya duba tafin hannu. In ya ga ja, ya kafa. In ya ga fari, ya ce, "Kai ba hiddawa kake so ba, ƙari kake so. Tahi likita." Tsagar saifa kuwa ya bar ta har abada.

Wannan ne ya haɗa shi da ƙanensa. Mutanen da Baba ya kora sai su tsallaka rumfar ƙanen, shi kuwa ya yi musu. Wata rana a gaban jama'a ƙanen ya ce, "Yaya, sana'ar ubanmu za ka watsar don maganar matar ɗanka?" Baba ya ce, "Ubanmu bai leƙa abin da na leƙa ba. Da ya leƙa, da ya riga ni bari." Suka yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. Ban san ranar da ƙanen ya fara duba ido shi ma ba. Na dai ji labari daga bakin marasa lafiya, suna cewa ƙaramin wanzamin ne ya turo su.

Kada in sa a ɗauka ya zama ɗalibina. Taurin kai gare shi. Ƙaho ga masu ƙarfi bai bari ba har hannunsa ya fara rawa, kuma duk bayanin da na yi sai ya ce, "Wannan ke ba ki sani ba, bayanki bai taɓa ciwo ba." Kan yankan hakin wuya, wato beli, mun yi shekara biyar muna ja kafin ya sassauta. Reza sabuwa ga kowane kai ce kaɗai ya karɓa ba musu, rana ɗaya.

Bafulatanar da ta zo gaisuwa, a kasuwar Gidan Amumune ya gamu da ita. Ta haihu da wata ɗaya, ta zubar da jini mai yawa, jiri yana ɗibarta, kanta kamar zai tsage. Mijinta ya kawo ta a kafa mata ƙaho a ƙeya. Baba ya duba ido ya ce ba zai yi ba. Mijin ya fusata ya ce za su je wurin wani. Baba ya naɗe tabarmarsa, rana ko tsaka ba ta yi ba, kasuwa tana cika. Ya ce, "Ba wurin wani da za ku. Ni zan kai ku." Ya nemo musu mota, ya zauna kusa da mijin yana yi masa bayanin ɓargo da ƙoda da Hausa da guntuwar Fulatancinsa, har suka iso mana. Kafin a sauke matar mijin ya yarda a ɗibi nasa.

Buzun kuwa matarsa ce kullum cikin kasala, an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini a asibiti ba ta ga canji ba. Baba ya zo ya tambaye ni. Na ce a tambaya ko tana shan shayi a kan abinci da magani, don shayi mai kauri yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe. Baba ya dafe kai ya ce, "Ki ce in je in raba Buzu da shayi?" Ya je ɗin. Bai ce su bari ba, ya ce su jinkirta shi bayan cin abinci. Buzun ya riƙa ba da labari cewa tun da yake bai taɓa ganin baƙon da aka miƙa wa kofin farko ya ce a dakata ba sai wanzamin nan.

Shi kansa duk bayan wata uku ko huɗu sai mu gan shi a ƙofar labo ya naɗe hannun riga. Ba ya zuwa shi kaɗai. Yana da dabara. Sai ya bari ya jiƙa kan mutum, ya aske rabi, sannan ya fara: "Kai da ƙarhinka haka, ka taɓa ba da jini?" Majo ya taɓa tambayarsa yadda yake shawo kansu, ya ce, "Mutum da rabin aski ba ya tashi, dole ya ji ni har ƙarshe." Ranar da majo ya gaya masa shekarunsa sun wuce a ɗibi jininsa, fushi ya yi sosai. Ya ce, "Ɓargona ya gaya maka ya gaji?" Ya yi wata biyu bai leƙo mu ba. Da ya dawo, da mutum huɗu ya dawo.

Jikar tasa kuwa, tun da ta yi wayo yake tsokanarta. "Amaryata, ki bi ni a hankali, jinina ne a jikinki." Da ta kai ajin da aka koya musu wannan darasi, ta zo hutu ta ce masa, "Kaka, naka ya ƙare tun ina shekara biyu. Wata huɗu kawai yake yi. Wannan nawa ne, ni na yi abina." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Halin uwarki ke nan sak."

Shekara biyu da suka wuce ya zo mana Mayahi, na ga yana hawa dakalin ƙofa yana haki. Ƙafafunsa sun kumbura. Bai jira na tambaya ba, ya zauna ya ja fatar idonsa da kansa ya ce, "Duba mini. Na duba a madubin aski, ban yarda da abin da na gani ba."

Fari ne. Muka yi gwaje-gwaje, likita ya tura mu Maradi, aka tabbatar. Hawan jini da ya daɗe yana ɓoyewa ya cinye masa ƙoda. Mijina ya ce kada a gaya masa. Na ce mutumen da ya tuɓe takalmi ya shigo labo don ya sani ba za a ɓoye masa ba. Na same shi a zaure na zauna, na fara kewaye-kewaye.

Ya katse ni. "Ɓargon ne ko ƙodar?"

"Ƙodar ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To ɗan aiken ne ya daina zuwa. Shi ɓargo shina can shina jira, bai san ana nemanshi ba." Ya yi ɗan murmushi. "Kin ga amfanin tambaya. Da yanzu ina can ina zargin mayu."

Akwai allurar da ke maye gurbin wannan aike, mun samo ta, ta riƙe shi wajen shekara guda, ya koma har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Daga baya jikin ya daina amsawa. Aka yi masa ƙarin jini sau biyu. Duk sau biyun ban nemi kowa ba. Labari kawai ya bazu, na fito na tarar da mutane a jere a inuwa, manoma, da mahauta, da Fulani da sandunansu, kowa ya naɗe hannun riga. Muka ɗibi abin da firji zai iya ɗauka, muka ba sauran haƙuri.

Da daminar bana ta kankama jininsa ya sake sauka. Likita ya ce a ƙara na uku. Aka kawo shi, aka bi da shi ta gaban ɗakin yara, ya ga iyaye mata zaune har a baranda da ƴaƴa a cinya. Ya sa aka tsaya. Ya ce a kira ni.

"Leda nawa ke gare ku irin nawa?"

Ban so in faɗa ba. Na ce, "Biyu."

"In kun sa mini, kwana nawa za ta yi mini?"

"Makonni, Baba."

"In kun sa ma ɗaya daga waɗannan?"

Na kau da kai. Ya ce, "Hwaɗi mana, ke kika koya mini. Shi ƙodarshi lahiya lau. A tsallakar da shi wannan mako kawai, ɓargonshi ya kama aiki, ya yi shekara saba'in. Ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To ku maida ni gida."

Mijina ya roƙe shi, likita ya yi masa bayanin abin da zai biyo baya, ya saurara har ƙarshe ya ce ya ji ya kuma gode. Na ce masa zan nemo wasu masu bayarwa, gobe ma za a samu. Ya ce, "Ki nemo. In sun zo ki sa ma yara." Na durƙusa gefen gadon ina kuka kamar ba ma'aikaciya ba. Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun nan mai sanyi, ya ce, "Ɗiyata, bari kuka. Ni na ci nawa rabon har da gyara."

Ya yi kwana goma sha tara a gida. Yana kwance a rumfarsa, ana jin ƙanshin ƙasa, mutane suna shigowa ɗaya ɗaya. Ƙanensa bai bar gefensa ba, shi ya yi masa askin ƙarshe. Ranar Talatar ya nemi a juyar da shi gabas, ya yi kalmar shahada a bakinsa sau uku, ya yi shiru.

Bayan sadakar arba'in na koma aiki. Ranar da na koma, da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar labo. Manomi ne, zai yi shekara arba'in da ɗoriya, hannuwansa duk kaushin girbi. Da ƙyar na gane shi. Ɗan ƙanen Baba ne, wanda ya ce jini ba ya dawowa ranar da ɗiyata take kwance. Ya daɗe a Najeriya, bai samu jana'iza ba.

Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, "Matar yaya, na zo gaisuwa ban zo da komi ba. Shekara goma sha takwas abin nan shina cina. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya." Ya miƙo hannunsa. "Ki ɗiba. Allah ya kai ladar kabarinshi."

Na ɗiba. Kafin azahar aka zo aka karɓi ledar, aka kai ɗakin yara, aka ɗaura wa wani yaro ɗan wata goma sha huɗu da uwarsa ta goyo daga wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba. Da zan tashi aiki na leƙa. Yana zaune a cinyarta yana jan ɗankwalinta.

Allah ka ji ƙan Baba. Ka yafe masa abin da ya yi bisa rashin sani, ka karɓi abin da ya yi bayan ya sani. Ka yalwata masa makwancinsa, ka ba Inna haƙuri, mu kuma da muka saura ka sa mu cika da kyau. Amin.